Kafin Ka Sa a Buɗe Injin Babur Ɗinka

Ƙannena masu babur, yau da ku nake, musamman wanda ya tara kuɗi da guminsa ya sayi mashin, ko ya samo tsohon ƙarfe yana haɗa shi kaɗan-kaɗan a bakin gareji. Da zarar mashin ya tashi ya kama hanya, zuciya takan fara raya wa mutum cewa bai kai yadda ake so ba. Wani ya wuce ka a hanyar Zariya da irin naka, wani ya nuna maka bidiyon samarin Indunusiya da Tailan suna tsere da injin da aka yi wa aiki, sai ka nufi masu kayan gyara da sunayen abubuwan da aka ce suna sa gudu. Son mashin mai lafiya ba laifi ba ne, ni ma ina so. Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin da yaranmu ke zubarwa a kan kayan da ba sa kawo komai sai hayaniya, da injunan da ke bugawa tun ba su tsufa ba.

Tambayar farko, wane aiki mashin ɗin yake yi maka? Mai ɗauko buhun gero daga ƙauye zuwa Dawanau, da ɗan kabu-kabun da ke yini cikin rairayin unguwannin Maraɗi, da ɗalibin da ke bin kwalta zuwa makaranta shi kaɗai, bukatarsu ba ɗaya ba ce. Ƙarfin inji iri biyu ne a wajen mai tuƙi. Akwai ƙarfin ja, wanda ke ɗaga ka daga tsaye da kaya a baya, ya hau da kai tudu ba tare da ka yi ta sauke giya ba. Akwai kuma ƙarfin da ba ya fitowa sai an murɗe totur inji yana kururuwa. Yawancin kayan da ake kira na tsere wannan na biyun suke ƙarawa, kuma daga na farkon suke ɗiba. Mai tsere bai damu ba, don shi ba ya tsayawa a danja, ba ya goyon kowa, kuma yana buɗe injinsa akai-akai. Kai kuwa rabin tuƙinka tashi ne da tsayawa a cunkoso. In ka sayi kayansa, ka sayi maganin ciwon da ba naka ba.

Yana da kyau ka san asalin injin da ke ƙarƙashinka. Da yawa daga cikin mashinan Sin da suka cika garuruwanmu, injinsu kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975. Kamfanin ya ƙera shi ne bayan ya duba yadda ake amfani da babur a ƙasashe masu tasowa, inda ake lafta masa kaya, ana jinkirin juyen baƙin mai, ana bin hanyar ƙura. Saboda haka aka yi injin mai sauƙi, mai haƙuri, aka kuma hana shi fitar da iyakar abin da zai iya. Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ma a kan wannan tunanin take. Rarar da aka bari a jikin injin da gangan aka bar ta, kamar hatsin da manomi ke bari a gindin rumbu saboda tsakiyar damina. Ita ce ke kai ka gida ranar da zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Yamai, kana ɗauke da mutum da kaya, man da ke tanki kuma na kwalba ne. Duk wani aikin ƙarin ƙarfi, daga wannan rarar ake cinsa.

Kafin a yi maganar ƙari, a fara nemo abin da ya ɓace. Mashin da ya shekara biyu yana aiki a ƙasarmu, da wuya a ce yana ba da ƙarfin da ya zo da shi, kuma dawo da wannan ƙarfin shi ne aiki mafi araha da za ka yi. Kwance murfin gefe ka zaro soson tace iska bayan hunturu ya wuce. Za ka same shi ya yi jawur, ƙura ta haɗu da mai ta zama laka, in ka matsa shi da yatsa sai ta bi maka farce. Ta cikin wannan ake so inji ya shaƙi iska. Wanke shi da kananzir, ka bari ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse, ka mayar. In na takarda ne, ba a wanke shi, sabo ake sawa. Daga nan sai bawul. Tazarar da ake bari a kansu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a yawancin ƙananan injunan nan, kuma da siririn ma'auni ake saita ta, inji yana sanyi. In ta matse, bawul ba zai rufe sosai ba, matsi ya zube, mashin ya riƙa wahalar tashi da safe, a ƙarshe bawul ɗin ya ƙone. Sannan ka duba kuloci: kana giyar ƙarshe ka murɗa totur, in kukan inji ya tashi amma gudu bai biyo shi ba, faifan kuloci ne ke zamewa, ƙarfin yana ƙarewa a nan bai isa taya ba. Busasshiyar kaca, da tayar da ba ta da isasshiyar iska, da birkin da ke ɗan kamawa ko ba a taka shi ba, kowannensu yana cin nasa rabon. Na sha ganin wanda ya zo gareji da niyyar canza bulok, aka yi masa waɗannan kawai, ya koma yana cewa mashin ya zama sabo.

Baƙin mai kuma kada ka yi masa rowa. Abin da injin ke ɗauka kusan lita ɗaya ne, kuma shi kaɗai ke shayar da fistin da giya da kuloci, yana kuma kwashe zafi. Nemi na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kulocin babur zamewa.

Idan mashin ya dawo hayyacinsa kuma har yanzu bai dace da aikinka ba, wurin da zan fara tura ka ba cikin inji ba ne. Je ka wajen faifan haƙoran da kaca ke hawa, wato sufuroket. A ce na gaba yana da haƙora 14, na baya 42. Ma'ana sai na gaba ya juya sau 3 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. In ka sa mai 15 a gaba, lissafin ya koma 2.8, wato inji zai rage juyi da kusan kashi 7 cikin ɗari a kan gudu ɗaya. Mai doguwar tafiya a kwalta shi kaɗai zai ji mashin ya daina kuka, jijjiga ta ragu, mai ma yakan ɗan ƙara auki. Mai kaya da mai bin rairayi kuwa akasin haka yake bukata: ya ƙara haƙora biyu ko uku a baya, mashin ya riƙa tashi da nauyi ba tare da an ƙona kuloci ba, ko da ya rasa ɗan gudu a sama. Haƙori ɗaya a gaba ya yi kusan uku a baya, don haka a bi a hankali. Wanda ya zarce wajen ƙara na gaba yakan tarar ko gudun da yake nema bai samu ba, don inji ya kasa jan giyar ƙarshe in iska ta taso masa. Wannan aikin ba ya ƙara wa inji komai, yana dai kai ƙarfin inda kake bukatarsa, kuma in bai yi maka ba, cikin rabin awa ka mayar da na da. Abu ɗaya: in kaca ta tsufa, a canza ta tare da faifan biyu, don tsohuwar kaca tana cinye sabon haƙori.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, salansa. Yaro zai sa a fasa ta a zare cikinta, ko ya sayo wata gajera mai ruri, ya cire akwatin iska ya ɗaura ɗan mataci a bakin kafireto, ya hau ya ji ƙara ta cika masa kunne, ya rantse mashin ya ƙara gudu. Kunne ne ya ruɗe shi. Inji yana son iska da fetur a kan awo, wajen kashi 14 zuwa 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur in an auna da nauyi. Jet ɗin da ke cikin kafireto, ɗan ƙarfen nan mai siririyar huda da fetur ke bi, an zaɓe shi ne daidai da salansa da akwatin iskar da mashin ya zo da su. In ka buɗe hanyar iska ka bar jet yadda yake, fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin, wuta ta yi zafi fiye da kima. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba shi da inda zai kai wannan zafin. Sannu a hankali bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, ko fistin ya cije a tsakiyar hanya. Ɗan matacin nan na waje kuma an yi shi ne don titin da aka share, ba don hazonmu ba. Ƙurar da ya bari ta wuce ita ce ke goge ringi da bangon silinda, bayan 'yan watanni mashin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai.

Fulogi ba ya ɓoye gaskiya, ka koyi karanta shi. Yi tafiya mai ɗan nisa da gudun da ka saba, ka tsaya, ka bari inji ya huce, ka kwance shi ka duba farin tangaran ɗin da ke kewaye da tsinin. In ya yi ruwan ƙasa, haɗin ya yi daidai. In ya yi fari fat, ko ka ga ƙananan ƙuraje a jikinsa, fetur ya yi kaɗan, injinka yana dahuwa. In ya yi baƙi da busasshiyar kunkunniya, fetur ya yi yawa, kuɗinka ne ke fita ta salansa. In baƙin yana da danshi yana maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, sai a duba ringi. Duk bakaniken da ya canza maka salansa ko kafireto bai zaro fulogi ya duba bayan gwaji ba, bai gama aikinsa ba.

Masu inji mai bugu biyu, irin Jincheng AX100 da aka kwaikwayo daga Suzuki, wanda ake zuba wa mai na dabam yana ƙonewa tare da fetur, ku abin ya fi shafa. A irin wannan injin, siffar salansa da tsawonta suna cikin aikin inji, don matsin da ke dawowa daga cikinta shi ke mayar da sabon haɗin da ya fara tserewa zuwa cikin silinda. Ka yanke ta, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Abin da take bukata shi ne a ƙone dattin da ya toshe ta lokaci-lokaci. Ban da wannan duka, ƙarar salansa tana shiga haƙƙin maƙwabta. A lungunku akwai jariri, akwai marar lafiya, akwai dattijon da bai samu barci ba sai bayan asuba.

Ƙananan kayan da ake rataye wa a shago cikin leda mai ƙyalli ba zan daɗe a kansu ba. Fulogi mai tsinin iridiyom yana daɗewa, yana kuma taimaka wa tashi, amma ba ya mayar da 100 ya zama 125. Akwatin wuta na CDI da ake cewa na tsere, galibi abin da yake yi shi ne cire iyakar juyin da kamfani ya sa, ko gaggauta lokacin tartsatsi, kuma iyakar nan don kare bawul da boris aka sa ta. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon fetur wai don rage shan mai, bar shi a inda ka gan shi.

Babban aiki shi ne faɗaɗa silinda, wato borin, kuma a nan nake so ka zauna ka yi lissafi da biro. Injin CG mai 125 faɗin fistinsa milimita 56.5 ne, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 49.5, abin da ke ba da cc 124. In aka sa bulok mai fistin milimita 62, ya koma cc 149, ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan. Wannan ƙari ne na gaske, za ka ji shi wajen tashi da hawan tudu, kuma shi ya sa ban ce kada kowa ya yi ba. Amma in gudun ƙarshe kake nema, ga abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Babban abin da mashin ke kokawa da shi a sama iska ce, kuma don a ninka gudu sau biyu sai ƙarfi ya ninka kusan sau takwas. Ko da ƙarfin ya ƙaru da kashi 20 ɗin cif, gudu zai ƙaru ne da kusan kashi 6 kawai. Mai kaiwa kilomita 90 a awa zai kai wajen 95. Saboda kilomita biyar ɗin nan za ka sayi bulok da fistin da ringi da gasket, ka sake saita kafireto, watakila ka ƙara wa kuloci ƙarfi. Wani lokacin sai an faɗaɗa bakin kwanon inji kafin sabon bulok ya zauna, kuma abin da aka sassaƙe ba ya dawowa. Sandar fistin da boris ɗin karanshaf kuwa na da ne, yanzu suna shan dukan da ya fi wanda aka auna musu.

Kada kuma a ruɗe ka da borin na gyara. Idan silinda ta cinye, akan kai ta wajen masu injin sassaƙa ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna, su faɗaɗa ta da milimita 0.25 ko 0.50, har zuwa 1.00, a sa fistin daidai da ita. Aiki ne mai kyau in an yi shi da awo, amma magani ne. Ko an kai iyakar milimita ɗaya, 124 ba ya wuce 129. Kuma kowane mataki da ka tsallake don zumuɗi, ka rage wa bulok ɗin damar gyara ɗaya nan gaba. Bayan kowane irin borin, sai an yi wa inji tafiyar lallaɓa na ɗaruruwan kilomitoci, a juye mai da wuri, kafin a matsa masa.

Hukuncina a kan wannan shi ne, in aikinka ya fi ƙarfin 100 ko 125, sayar da shi ka cika kuɗi ka sayi 150 da aka ƙera a matsayin 150, wanda kulocinsa da birkinsa da gangar jikinsa duk an yi su don wannan nauyin. Sau da yawa in ka haɗa kuɗin kaya da na aiki da na komawa gareji, bambancin ba shi da yawa. Ranar sayarwa kuma, dillali na jin an taɓa buɗe inji zai karya farashi. In kuwa inji sukutum ka canza, karɓi rasit, ka kuma gyara takardunka su dace da sabuwar lambar inji, kada a tare ka a hanya a ɗauke ka ɓarawo da kayanka.

Akwai masu cewa a kankare kan silinda don matsi ya ƙaru. Ƙananan injunan nan matsinsu yana wajen tara ne zuwa ɗaya, kuma an tsaya a nan ne don su iya shan fetur ɗin da aka samu. In matsi ya hau, fetur marar kyau yakan fashe da kansa kafin lokacinsa, ka ji wani ƙyal-ƙyal a cikin inji in kana hawan tudu. Wannan ƙarar ita ke huda kan fistin. Mu da muke sayen mai a galan a bakin hanya ba mu san abin da aka gauraya masa ba, kuma ko na gidan mai ba kullum ake dacewa ba, kowa ya tuna gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2022 ya lalata ababen hawa. Babban fistin a ƙarƙashin tsohon kan silinda shi ma yana ɗaga matsi, ko ba a kankare komai ba, don haka a kula.

Sai maganar aljihu ta kullum. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa. A ce mashin ɗinka yana cin kilomita 50 da lita ɗaya, aka yi masa aiki ya koma 40, kai kuma kana yin kilomita 100 a yini. Lita biyu ta zama biyu da rabi. A wata lita 15 ke nan, a shekara 180. Buga wannan da farashin yau a garinku, ka gani ko kilomita biyar ɗin can ta cancanci haka. Ga mai neman abinci da mashin, wannan kuɗin cefane ne.

Duk wanda ya ƙudura sai ya ƙara ƙarfi, to birki da taya su riga inji. Nisan da mashin ke ci kafin ya tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana wuce shi nesa. Daga kilomita 60 zuwa 85 a awa, nisan tsayawa ninkawa yake yi. Yawancin mashinanmu birkin duram gare su gaba da baya, wanda in ya yi zafi yakan saki. Sa lainin birki mai kyau, canza wayar da ta fara tsinkewa, koyi kama birkin gaba, don shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, ko da yake da yawa cikinku tsoronsa kuke ji har kuna kwance shi. Tayar da ta goge a cire ta. Hular kwano kuma a saye ta kafin a sayi kowane ƙarfe, a ɗaure igiyarta a haɓa. Na ga samarin da iyayensu suka ci buri a kansu sun koma sai an kwantar an tayar, kuma ba na son ganin ƙari.

In za ka yi aiki, yi abu ɗaya a lokaci guda, ka auna kafin da bayan. Cika tanki, rubuta lambar mita, yi tafiyarka ta yau da kullum, sake cikawa ka raba, ka san abin da lita ke ba ka. Zaɓi wani tudu da ka sani, ka lura da giyar da kake hawansa da ita. Wayarka ma tana iya nuna maka gudu na gaskiya. Wanda ya canza abu huɗu rana ɗaya, in mashin ya lalace bai san mai laifi ba, in ya gyaru bai san wanda zai gode wa ba. Wajen sayen kaya ka tafi da wanda ya san na asali da jabu, don fistin da ringi na jabu sun cika kasuwa, kuma araha ba ta ado. Tsofaffin kayan da aka cire maka naka ne, karɓe su ka adana a gida.

Bakanike kuma ka zaɓe shi da ido. Duba ko yana da ma'aunin bawul, ko yana wanke kaya ya jera su a kan tire ko a cikin ƙasa yake zubar da su, ko ya tambaye ka aikin da kake yi da mashin kafin ya faɗi abin da za a saya. In ka ce masa kana son gudu ya ce kawo kuɗin bulok tun bai ko tayar da injin ya saurara ba, yi masa sallama cikin mutunci, ka tura mashin ɗinka gaba. Allah ya tsare mana ku a kan hanya.